Zaman da Aka Rubuta wa Tabawa

Duk wanda ya san Sabon Gida ya san muryar Tabawa, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Tun sassafe take buɗe baki, ba ta rufe shi sai kaji sun shiga akurki. Ba mugunta ba ce, Allah ya sani. Matar nan in ta ji kana ciwon kai, da kanta za ta dama maka kunu ta kai har ɗaki, amma fa da faɗa za ka sha shi, don sai ta lissafa maka duk sakacin da ya jawo maka ciwon. Ita ce mai tuna cewa ba a ɗaure akuya ba, ita ce mai jin ɗigar ruwan tulu daga bayan rumbu, ita ce mai damuwa da ko an ba jakin makwabta ruwa. Zama kuwa, ranar da aka raba shi tana can tana aikin wani. Ko saƙar tabarma, wadda kowa ya san a zaune ake yin ta, Tabawa rabi a tsugune take yi, ƙafa ɗaya a shirye don tashi.

Ga ta kuwa da hannu! A ƙasar Madawa, inda kusan kowace mace ta iya kaba, ba abu ne mai sauƙi ba a ce tabarmar wance ta fita daban. Amma ta Tabawa ta fita. Ita ke rina kabarta da kanta, ja da baƙi da kore da ruwan ƙwai, ta jera su yadda mai saye zai tsaya ya manta abin da ya kawo shi kasuwa.

Shekara uku ke nan da yanar ido ta fara rufe mata gani. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana bin sa a hankali. Mutum takan gan shi kamar ta bayan hayaƙin ɗanyen itace, ja da baƙi kuma sun koma mata abu ɗaya. Ba ta faɗa wa kowa tsoronta ba, amma tsoron yana nan, kuma babba ne: ranar da za a riƙe mata sanda a ja ta har bayan gida, ita Tabawa da ke jan gida guda. Da ta tuna haka sai ta huce a kan wanda ya fi kusa, wato mijinta Isaka ko Mansura, matar ɗansu, shi yana can neman kuɗi a Abijan.

Bayan kaka, an cika rumbuna, sai labari ya zo cewa wasu likitocin ido sun sauka Madawa suna cire yana kyauta. Khairiyya, yarinyar da ke aiki a ɗakin shan magani na Sabon Gida, ita ta rubuta sunayen tsofaffi ta raka su. Tabawa ta shiga layi tun hantsi, kafin a kai gare ta ta riga ta gyara wa mutum huɗu tsayuwa, ta yi wa wani mai babur faɗa a kan hayaƙi. Da aka zo kanta, aka ɗaura mata abin awo a dantse, Khairiyya ta duba ta sake dubawa.

"Inna, jininki ya hau, tansiyonki sha tara. Lokotoro, babban likitan, ba shi taɓa ido sai ta sauko sha biyar."

"To ki sauko da ita mana, mi kike jira?"

"Ba guga ba ce, Inna. Kuma ko ta sauko, akwai wata. Aikin wanga a farke ake yin shi. Za a kwantar da ke a rufe miki fuska da ƙyalle, minti ashirin, kai ba shi motsi ko kaɗan. Ɗazu da ya haska miki fitila sau uku kinka juya kina tambayar wa ya bar ƙofa buɗe."

Tabawa ta buɗe baki za ta ce ai ƙofar a buɗe take, sai ta fasa. Khairiyya ta yi mata bayani dalla-dalla. Likitocin za su wuce Buza da Keita, su dawo Madawa bayan mako uku, su yi kwana biyu su tafi, sai kuma wata shekara in da rai. Idon dama kuwa ba lalle ya jira wata shekara ba. Ta ba ta ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum da safe, ta hana ta gishiri da dunƙulen miya. Sannan ta kawo abu na uku, wanda ta ce an koya musu a wani horo a Tawa.

"Kullum ki samu wuri ki zauna minti goma sha biyar. Ki rufe ido, ki yi shiru, ki bi numfashinki yana shiga yana fita. Ba aiki, ba magana."

"Sai kuma mi?"

"Shi ke nan."

"Ɗiyata, zama kinka rubuta mini?"

"Awo, Inna. Ba a fafe gora ranar tahiya. In ba ki koyi kwanciya shiru yanzu ba, ba bisa tebur za ki koya ba."

Da suka dawo gida, Tabawa ta nuna ƙwayoyi, ta kafa dokar gishiri da babbar murya. Maganar zama kuwa ta haɗiye ta. Ina za ta iya cewa yarinyar da aka haifa a gabanta ta sa ta zaman banza da rana tsaka kamar mai jego? Ai sai a yi mata dariya har rijiya. Ta ƙudura za ta yi abinta a ɓoye, wanda ya ga dama ya gani.

Washegari da hantsi ta ɗauki kujera 'yar tsugune, ta kai gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida, ta juya wa ɗakuna baya, ta rufe ido.

To, a nan ne fa aka yi kuskuren da sai wanda ya zauna cikinmu zai gane. A wajenmu mace ba ta zama ita kaɗai ta juya baya ta yi shiru haka kawai. Ko dai ba ta da lafiya, ko an yi mutuwa, ko kuwa an ɓata mata rai, tana jira mai laifi ya zo ya ba da haƙuri kafin ta ɗaure kayanta. Isaka kuwa, cikin shekara arba'in da aurensu, sau ɗaya ya taɓa jin Tabawa ta yi shiru, kuma ranar da yamma ta kama hanyar gidansu a Bangi, sai da ya yi sawu uku kafin ta dawo. Da ya leƙo daga zaure ya gan ta haka, igiyar da yake tufkawa ta suɓuce masa. Mansura ta tsaya da taɓarya a sama. Gida ya yi tsit, har kaji suka ji a jikinsu.

Ita kuwa baiwar Allah tana can tana kokawa. Numfashi ya shiga, ya fita. Ya shiga, an rufe randa kuwa? Ya fita, me ya sa aka daina daka? Kafin ta kai goma sai ta ji motsi a gefenta, mutum ya durƙusa.

"Inna," in ji Mansura, "don Allah ki gafarce ni. Na san kin gano."

Tabawa ba ta buɗe ido ba, don an ce kada ta buɗe. Wannan ya ƙara tsorata yarinyar, sai ta zazzage komai. Ashe tun bara, duk sa'ad da Tabawa ta saƙa ta ajiye ta shiga makwabta, Mansura ke ɗaukar saƙar ta warware inda ja ya shiga wurin baƙi, ta mayar daidai, ta ajiye kamar ba a taɓa ba. Duk yabon da masu saye ke yi a bana, rabinsa na hannun Mansura ne.

Wayyo! Da mari aka yi mata da ya fi sauƙi. Tabawa ta tashi ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba. Gida kuwa ya tabbata cewa lamarin ya fi ƙarfin saƙa.

Kashegari ta sake fitowa da kujerarta, don ita in ta sa kai ba ta fasawa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ba ta kai numfashi bakwai ba sai ga Isaka ya tsuguna nesa kaɗan, yana gyaran murya yana wasa da hula.

"Tabawa, tun da dai abin ya kai haka, gara ki ji daga bakina. Jar kabar nan taki da kinka shanya bisa danga, wadda na ce awakin makwabta sunka ci..."

Ranar ɗaurin hatsi ce kaba ta ƙare masa a gona, ga masu taya aiki suna jira, ya aiko aka kwashe tata. Yanzu haka akwai dami goma sha ɗaya cikin rumbu da jan ɗamara kamar 'yan biki, ya san ba za ta gani ba. Ita kuwa wata guda ta yi ba ta amsa gaisuwar makwabciyarta a kan awakin da ba su ci ba ba su sha ba.

Wannan karon ido ya buɗe, baki ma ya buɗe. Har masu wucewa ta bayan danga sai da suka tsaya. Isaka ya sha faɗa, amma wallahi har ransa ya ji sanyi, ya ɗauka ta huce ke nan. Da ya ga rana ta uku ta sake ɗauko kujera, sai ya fita ya ari salula ya kira Iro, wan Tabawa, a Bangi.

Iro ya iso kafin azahar a bayan babur, da ƙullin goro a aljihu da fuskar mai sasanci. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zaunar da Isaka gefe ɗaya, ya dubi ƙanwarsa.

"Tabawa, mun girma da wannan. Faɗa mini mi anka yi miki. In kuma gida kike son tahiya ki huta kwana biyu, ga moto nan."

"Yaya, wane gida? Ni da jikoki? Likita ce ta rubuta mini zama! Zama kawai! Kwana uku ina neman minti goma sha biyar a gidan nan, kowa ya zo da zunubinsa ya sauke mini bisa kai. Ni limamiya ce?"

Iro ya dubi Isaka, Isaka ya dubi ƙasa.

"Zama?" in ji Iro. "Yanzu har zama sai an rubuta?"

Ya yi dariya har hawaye, ya ci tuwo marar gishiri, ya raba goronsa, ya koma. Tabawa kuwa da aka auna ta da yamma, tansiyo ta kai ashirin. Ta zauna a bencin ɗakin shan magani, a karo na farko Khairiyya ta ga idonta ya cicciko.

"Ɗiyata, na makance ke nan. Zamanki ya fi tsayuwata tayar da hankali."

Da ta ba da labarin, Khairiyya ta rufe baki da gyale don kada dariya ta kuɓuce, ta kuɓuce kuwa. Sannan ta nutsu ta ce laifinta ne, ta kawo abu yadda aka koya mata a aji, ba ta tuna da yadda gidajenmu suke ba.

"Inna, a yini guda, yaushe ne ba mai yi miki magana?"

Tabawa ta yi tunani. "Sai in ina bisa tabarmar salla. In na sallame ina jan carbi, ba mai zuwa sai na shafa."

"Carbin yana ɗaukar ki minti nawa?"

"Kafin ruwan zahi ya tafasa na gama."

Gaskiya ta faɗa, har ta rage. Tabawa takan ja carbi kamar ana bin ta da gudu, ƙwayoyi na kaɗa juna, baki na motsi, ido na kan murhu, hannun hagu yana nuna wa Mansura tsintsiya, in an ƙi gani ta yi gyaran murya mai ƙarfi.

"To daga yau, bayan la'asar, kada ki tashi. Ƙwaya ɗaya, numfashi ɗaya. Ki ja iska a hankali, ki sake ta a hankali da tasbihinki, sannan ki tura ƙwaya."

"Ke za ki koya mini carbi? Ina jan shi tun uwarki ba ta yi wayo ba."

"A'a, Inna, ni wa? Gudun kawai nike rage miki. In tunani ya tahi, kada ki bi shi da sanda. Ɗan akuya ne a turke, ki jawo igiyar sannu ya dawo."

Haka aka yi. Ranar farko ɗan akuyan nan ya tsinke ya fi sau hamsin. Ya je rumbu ya ƙirga jan dami, ya je Abijan ya tambayi me ya sa ba a kira ba, ya je tebur ɗin likita ya dawo da faɗuwar gaba. Kowane lokaci sai ta tarar da ƙwaya tsakanin yatsunta tana jira, ta ja numfashi ta ci gaba. Da ta kai ƙarshe ta shafa, gwiwoyinta sun yi tsami, amma wani abu da ya daɗe a ɗaure tsakanin kafaɗunta ya ɗan saki. Ba wanda ya zo. Wa zai katse mai wuridi?

Isaka, da yake yana neman hanyar wanke kansa, sai ya kwaso tufkar igiyarsa ya dawo bakin ƙofar zaure. Duk mai sallama, ko mai aron rariya ko mai tallan nono, sai ya ɗaga hannu ya ce a hankali, "Tana wuridi." Mutum ya koma da sanɗa kamar ya shiga masallaci. Goro kuma da kansa ya kai wa makwabciya ya wanke awakinta daga zargi, don Tabawa ta ce wanda ya ƙulla shi zai kwance.

Ana cikin mako na biyu aka yi gwajin gaske. Tana tsakiyar carbi sai hancinta ya ɗauko ƙaurin tuwo. Duk jikinta ya ce tashi. Ƙafarta har ta motsa. Ta riƙe ƙwayar nan kamar za ta fasa ta, ta ja iska, ƙauri da komai, ta sake. Ta ji gudun Mansura, ta ji an janye itace, ta ji an zuba ruwa. Da yamma aka ci tuwo mai ɗan ƙauri, kowa ya ƙoshi, ba wanda ya mutu. Wannan abu ya ba Tabawa mamaki ƙwarai, har da ɗan haushi: ashe gidan nan yana iya tsayuwa minti goma sha biyar ba da ita ba.

Daga nan zaman ya fara yi mata daɗi, ita da kanta ta faɗa. Ta gano cewa la'asar ɗin gidanta tana da sauti iri-iri da ba ta taɓa ji ba saboda nata ya rufe su. Kurciya a kan bedi. Dakan gida uku, kowanne da takunsa. Shanun Fulani suna gangarowa daga tudu, makiyayi na yi musu magana da harshensa. Isaka yana murza igiya a cinya yana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa, shi da ta ɗauka ba ya waƙa. Ba wai ta daina faɗa ba ne, kada a yi mata ƙarya, hali zanen dutse. Sai dai yanzu takan ja numfashi ɗaya kafin ta fara, kuma sau da yawa kafin numfashin ya fita rabin faɗan ya bi iska.

Wata safiya ta kira Mansura, ta tura mata tarin kaba. "Zauna nan. Ke ki miƙo mini launi, ni in saƙa. Satar gyara ta ƙare." Suka yi aiki har azahar. Can Tabawa ta shafa wani wuri da yarinyar ta taɓa gyarawa, ta ce, "Hannunki ba laihi," wanda a bakin Tabawa ya kai a ba mutum saniya.

Awo ya riƙa sauka da ƙwaya da rashin gishiri da zama: sha takwas, sha bakwai, ya tsaya a sha shida kwana huɗu har ta fara tsorata, sannan sha biyar.

Ranar da likitoci suka dawo, Isaka ya sa babbar riga ya raka ta Madawa. Taro ya fi na farko, ga rana, ga turereniya, ga wata mata da ta shiga gabanta a layi ba kunya. Da aka ɗaura abin awo, sha bakwai. Tabawa ta dubi Khairiyya. Mako uku na wahala ya tafi a banza ke nan?

"Je ki bisa bencin can, Inna," in ji Khairiyya. "Kin san abin yi. Ina dawowa."

A tsakiyar hayaniyar nan, yara na kuka, ana kiran sunaye, Tabawa ta ja mayafi ta rufe kai ta fito da carbi. Isaka ya tsaya a gabanta ya buɗe hannayen riga yana kare ta daga masu wucewa. Ƙwaya ɗaya, numfashi ɗaya. Da Khairiyya ta dawo ta auna, ta ga awo ya sauko sha biyar, sai ta kama hannunta ta ja ta ciki.

A bakin ɗakin aikin aka karɓe mata takalma da mayafi da carbi. Carbin ma! Ta so ta yi gardama, aka ce ba a shiga da komai. Aka kwantar da ita, aka yi mata allura a gefen ido, aka ja ƙyalle aka rufe fuskar, aka ce hannu ya kwanta a gefe kada ya motsa. Ƙyallen ya taɓa hancinta. Ta ji ƙarar ƙarafa kusa da kunnenta, ta ji likita yana magana da Faransanci, sai tsoro ya taso mata tun daga ciki, irin wanda ke cewa tashi ki gudu, makanta ta fi wannan. Wuyanta ya ɗaure zai juya.

"Inna," muryar Khairiyya ce daga wajen ƙafafunta, "ɗaya."

Ta ja iska. Ba ƙwaya a hannu, amma ashe mako uku ya sa ƙwayoyin sun koma cikin ƙirji. Ta saki iskar da tasbihi a zuci. Biyu. Wani haske ya yi ta yawo a idon kamar rana cikin ruwan kwano. Goma sha ɗaya. Tunani ya tafi ga ƙofar da ta ji an bari a buɗe, ta bar ta a buɗe, ta dawo. Ta ɓata lissafi wajen sittin da wani abu, ta koma ɗaya ba tare da ta zagi kanta ba. Tana cikin zagaye na biyu ta ji an ɗage ƙyalle ana manna mata auduga.

"Har an fara?" in ji ta.

"An gama, Inna. Lokotoro ya ce tun safe bai samu wanda ya kwanta kamar ke ba."

Suka kwana gidan wata 'yar'uwa a cikin gari. Da hantsi aka jera su a benci a inuwa, Khairiyya tana bi tana cire auduga ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Tabawa ta ɓare a hankali, ta goge, ta ce ta buɗe sannu.

Haske ya fara dukan ta, ta runtse, ta sake buɗewa. Abu na farko da ta gani zanen da ke jikinta ne, ashe shuɗi ne da furanni, ita da ta yi shekara tana ɗaura shi a matsayin baƙi. Ta ga layukan tafin hannunta. Ta ga fuskar Khairiyya, 'yar ƙarama da wushirya, tana murmushi. Ta yi hamdala da ƙarfi har na kusa suka amsa.

Sannan ta ɗaga kai tana neman mijinta. A gabanta wani tsoho ne tsaye, gemu fari fat, wuya ya shiga cikin riga, kafaɗu sun ranƙwafa, yana riƙe da takalmanta a hannu ɗaya da gorar ruwa a ɗayan. Ta leƙa bayansa. Ba kowa. Ta dawo da ido kansa, ta ga tabon da ke goshinsa, ta ga yadda yake leƙen fuskarta da tsoro da fata.

"Malam," ta ce, muryarta ta yi ƙasa yadda bai taɓa ji ba, "yaushe ka tsufa haka?"

Isaka ya yi dariya, haƙoran gaba biyu babu. "Ina ta yi a gabanki, Tabawa. Ba ki da lokaci ne."

Hawaye ya zubo mata, Khairiyya ta ce kada ta murza idon. Ba ta murza ba. Ta matsa gefe a kan bencin, ta buga wurin da tafin hannu.

"Aje takalman nan. Zo ka zauna in dube ka."

Ya zauna. Ana ta kiran masu karɓar maganin ɗigawa, har aka kira sunanta sau biyu, Tabawa ba ta ji ba.